Daga Ƙwarya zuwa Tagulla: Tarihin Ƙirar Banjon Bulugiras da Sautinsa

Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu bi tarihin wani abin kiɗa na ƙasar Amurka, wato banjo mai tsirkiya biyar wanda ƙwararrun makaɗan bulugiras suke amfani da shi. Bulugiras salon kiɗa ne da ya tsiro a kudu maso gabashin Amurka a tsakiyar shekarun 1940, kuma amon banjo shi ne alamarsa ta farko ga kunnen mai sauraro: amo ne mai kaifi, mai ƙara, wanda yake mutuwa da zarar ya fito. Tambayar da muka sa gaba ita ce: ta yaya abin kiɗan da bayi ƴan Afirka suka haɗa da ƙwarya da fata a tsibiran Karibiyan ya koma na'ura mai nauyin kilo biyar ta katako da tagulla da roba, kuma mene ne ya rage a jikinsa na asali?

Tambayar ta shafe mu a wannan sashe saboda dalili na hanyar bincike. Duk wanda ya san gurmi, idan ya ga hoton tsohon banjo, zuciyarsa za ta raya masa cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan. Irin wannan saurin yanke hukunci mun saba ganinsa wajen neman asalin kalmomi, inda kamannin sauti kaɗai kan sa a ƙulla dangantakar da babu ita. Za mu nuna cewa tarihin banjo tarihin neman ƙara ne, cewa wannan nema ya sauya kusan dukan kayan da ake ƙera shi da su, amma abubuwa biyu na tsarinsa ba su motsa ba. Wajen sunayen sassa, mun ari kalmomin makaɗanmu inda suka dace, kamar tsirkiya da jaki, wato ɗan itacen da tsirkiya ke hawa a bisa fata.

1. Siffar banjon bulugiras

Jikin banjon ganga ce mai fuska ɗaya, faɗinta inci 11, kimanin santimita 28. Ƙashin gangar kewaye ne na itacen mapul wanda aka lanƙwasa falle uku aka manne. A bisa kewayen akwai zobe na tagulla mai nauyin kilo ɗaya da ƴan kai, kuma a bisa wannan zobe fatar take shimfiɗe. Wani zoben ƙarfe yana danne bakin fatar, ƙugiyoyi 24 masu noti suna jan sa ƙasa, ta yadda makaɗi zai iya ɗaure fatar ko ya sassauta ta da ɗan makulli. A bayan gangar akwai wani akushi na katako da yake rufe ta, an bar rata da ramuka tsakaninsa da kewayen domin amo ya fito gaba.

Wuyan banjon shimfiɗaɗɗe ne, da ƙarafa 22 a gicciye waɗanda suke raba shi mataki-mataki. Tsirkiyoyin na ƙarfe ne. Huɗu suna tafiya har ƙarshen wuya, ta biyar kuwa gajera ce, tana tsayawa wajen mataki na biyar inda take da nata abin murɗawa a gefen wuya. Ɗaurin da aka fi yi shi ne sol, re, sol, si, re, kuma gajerar tsirkiyar, wadda take kusa da babban yatsa, ita ce mafi siririn amo. Wannan ya saɓa wa tsarin gita da kayan kiɗan Turai masu tsirkiya, inda amo yake hawa a jere daga mai kauri zuwa siriri. Jakin ɗan ƙarami ne mai ƙafa uku, ba a manne shi ba, matsin tsirkiya kaɗai ke riƙe da shi. Makaɗi yana sa farcen roba a babban yatsa, da farcen ƙarfe a manuniya da yatsan tsakiya.

2. Banjon ƙwarya

Shaida mafi tsufa mai ɗauke da zane ta fito daga Hans Sloane, wani likita ɗan Birtaniya da ya isa Jamaika a shekara ta 1687. A littafinsa da aka buga a 1707 akwai zanen kayan kiɗan bayi: ƙwarya rufe da fata, da wuya shimfiɗaɗɗe. A 1736 wata jarida ta birnin Niyok ta ambaci abin kiɗan a hannun baƙar fata, kuma Thomas Jefferson, a bayanin da ya rubuta kan jihar Birjiniya a farkon shekarun 1780, ya kira shi banjar, ya ce daga Afirka bayi suka zo da shi.

Banjon ƙwarya kaɗan ne suka tsira har zuwa zamaninmu. Mafi tsufa shi ne wanda John Gabriel Stedman ya samo a Surinam a shekarun 1770, yana ajiye a gidan tarihi na Leiden a ƙasar Holan. Akwai kuma wanda Victor Schoelcher, mutumin da ya jagoranci soke bauta a ƙasashen mulkin Faransa a 1848, ya ɗauko daga Haiti a tafiyarsa ta 1840 zuwa 1841, yana gidan tarihin kiɗa na Paris. An rubuta sunansa banza. Mai jin Hausa zai yi murmushi, amma wannan kalma ba ta da wata alaƙa da tamu. Daga cikin asalan da masana suka kawo, wanda aka fi ambata shi ne mbanza na harshen Kimbundu na Angola.

Idan aka dubi waɗannan tsoffin banjo, za a ga gauraye biyu. Ƙwarya, da fata, da jaki mai tsayawa a bisa fata, da sandar da ke ratsa ƙwarya ta ɓullo ɗaya gefen, da gajerar tsirkiyar babban yatsa, duka ana samun su a Afirka ta Yamma. Shimfiɗaɗɗen wuya da turakun murɗa tsirkiya kuwa na kayan kiɗan Turai ne, domin kayan kiɗanmu wuyansu sanda ce mai zagaye, kuma da zoben fata ake ɗaure tsirkiya a jikinta. Ke nan banjo a Karibiyan aka haife shi, a ƙarni na 17, daga haɗuwar mutanen da aka kwaso daga ƙasashe daban-daban.

3. Daga gandun bayi zuwa masana'anta

A shekarun 1830 wani Bature ɗan Birjiniya, Joel Walker Sweeney, wanda ya koyi kiɗan wurin baƙar fata, ya fara fita da banjo dandalin wasa yana shafe fuskarsa da baƙi. A 1843 ƙungiyar Virginia Minstrels ta yi wasanta na farko a Niyok, daga nan wasan kwaikwayon baƙar fata cikin izgili ya zama nishaɗin da ya fi kowane farin jini a Amurka, banjo yana tsakiyarsa. An daɗe ana cewa Sweeney ne ya ƙara gajerar tsirkiya. Wani zanen fenti da aka yi a Karolina ta Kudu wajejen 1790, wanda ake kira The Old Plantation, ya ƙaryata wannan, don an nuna bawa riƙe da banjo mai gajerar tsirkiya shekaru kusan 20 kafin haihuwar Sweeney a 1810.

Abin da dandali ya kawo shi ne buƙatar ƙara da ƙarko. Ƙwarya tana fashewa, kuma fatar da aka kafe da ƙusa ba a iya ɗaure ta idan ta saki. A shekarun 1840 William Boucher, maƙerin ganguna a Baltimore, ya shiga ƙera banjo da kewayen katako da ƙugiyoyi masu noti irin na gangar soja. Tun daga nan kowane ƙarni na maƙera ya ƙara ƙarfe. Ƙarafan gicciye sun yaɗu a shekarun 1880. A 1881 Henry Dobson ya yi rajistar wani zoben ƙarfe da ake sawa ƙarƙashin fata. Kamfanin Fairbanks na Boston ya fito da samfurin Electric a 1890 da Whyte Laydie a 1901, sannan Tubaphone ya biyo a 1909 bayan kamfanin ya koma hannun Vega. Kowane ɗaya daga cikinsu sabuwar dabara ce ta zoben da fata ke kwanciya a kai.

Matakin ƙarshe kiɗan jaz ne ya jawo shi. A shekarun 1910 da 1920 ƙungiyoyin rawa suna buƙatar abin kiɗa mai tsirkiya da za a ji cikin ƙarar kakakin tagulla da ganguna, ba tare da na'urar ƙara sauti ba. Suka ɗauki banjo mai tsirkiya huɗu ta ƙarfe, wanda aka cire wa gajerar tsirkiyar. Samfurin Paramount na William Lange, na 1921, ya yaɗa akushin baya. Kamfanin Gibson na garin Kalamazoo a jihar Mishigan, wanda ya fara ƙera banjo a 1918, ya fito da jerin Mastertone a 1925, ya yi ta sauya zoben har ya kai ga zoben tagulla mai shimfiɗaɗɗen kai wajejen 1930. A daidai wannan lokaci gita ta soma karɓe wurin banjo a ƙungiyoyin jaz, tattalin arziki kuma ya karye. Saboda haka ba a ƙera irin wannan banjo da yawa ba kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma mafi yawan waɗanda aka ƙera masu tsirkiya huɗu ne. Gangar da ta zama ma'aunin bulugiras, ke nan, don wani kiɗa daban aka tsara ta.

4. Earl Scruggs da shekara ta 1945

Banjo mai tsirkiya biyar ya ci gaba da rayuwa a ƙauyukan tsaunukan Apalashiya da kewayensu, amma a rediyo an fi ganinsa a hannun ɗan barkwanci. Bill Monroe, makaɗi ɗan jihar Kentaki, wanda daga sunan ƙungiyarsa Blue Grass Boys salon ya samo suna, shi ma banjon farko da ya sa a ƙungiyar na mai barkwanci ne, David Akeman. A watan Disamba na 1945 ya ɗauki wani saurayi mai shekara 21, Earl Scruggs, ɗan Karolina ta Arewa.

Tsohon kiɗan banjo da bayan farce ake yin sa: yatsa ɗaya ya bugi tsirkiya zuwa ƙasa, babban yatsa ya faɗa kan gajerar. A yankin su Scruggs akwai masu tsinkar tsirkiya da yatsu uku, irin su Snuffy Jenkins. Scruggs ya daidaita wannan hanya ta zama gudu marar yankewa: jerin amo takwas-takwas da yatsu uku ke rabawa tsakaninsu, sau da yawa uku, uku, biyu, karin waƙar yana fitowa daga cikin jerin. A waƙoƙi masu sauri yakan kai kimanin amo goma cikin daƙiƙa guda. Shirin Grand Ole Opry na gidan rediyon WSM a Nashville ya kai wannan sauti gidajen kudancin Amurka. A lokacin makirfo ɗaya ƙungiya take zagayewa, mai son a ji shi sai ya matso, don haka banjo mai ƙara ya sami wurinsa.

A 1948 Scruggs da Lester Flatt suka bar Monroe suka kafa ƙungiyarsu. Wajen wannan lokaci Scruggs ya yi musanya da makaɗi Don Reno, ya karɓi wani Gibson samfurin Granada na farkon shekarun 1930 mai shimfiɗaɗɗen zobe. Da shi ya ɗauki Foggy Mountain Breakdown a Disamba 1949, kuma ya riƙe shi har rasuwarsa a 2012. Wannan ya daskarar da ƙirar. Makaɗa suka shiga farautar tsoffin Mastertone masu tsirkiya huɗu suna sa musu sabon wuya mai biyar. Canji ɗaya babba da ya biyo baya shi ne na fata. Fatar maraƙi tana saki idan iska ta yi laima, abin da duk makaɗin da ya taɓa gasa ganga a bakin wuta da damina ya sani. A 1957 Remo Belli ya fito da fatar ganga ta robar Mylar, kuma cikin ƴan shekaru ta maye gurbin fatar dabba a banjo. Kamfanin Gibson ya daina ƙera banjo bayan ambaliyar da ta ci Nashville a 2010, amma maƙera irin su Deering a Kalifoniya da Prucha a ƙasar Cek sun ƙera banjon bulugiras bisa wannan tsohon tsari.

5. Dalilin sautin

Tsirkiya ita kaɗai ba ta motsa iska sosai, sai ta miƙa girgizarta ga wani abu mai faɗi. A gita wannan abu allon katako ne mai ɗan nauyi, yana karɓar ƙarfin tsirkiya kaɗan-kaɗan, shi ya sa amonta yake daɗewa. Fatar banjo ba ta da nauyi, jakin ma haka, don haka ƙarfin yana fita da sauri: amo ya yi ƙara, ya kuma mutu nan da nan. Ƙarar da gajartar abu ɗaya ne ke haifar da su. Zoben tagulla yana ba fata gefe mai nauyi da tauri, ta yadda girgiza ba za ta tsiyaye cikin katako ba. Akushin baya yana hana cikin makaɗi da rigarsa shanye amo, yana kuma mai da shi gaba. Ɗaurin fata yana ƙara kaifi, kuma makaɗa da yawa suna ɗaure ta har ƙwanƙwasarta ta ba da amo kusa da sol diyez.

David Politzer, masanin fizik na jami'ar Caltech wanda ya sami kyautar Nobel a 2004, ya ba da shekaru yana nazarin banjo. A 2021 shi da Jim Woodhouse da Hossein Mansour sun buga sakamakon awon da suka yi, inda suka sami wani yanki na amo tsakanin hertz 500 da 800 da jikin banjon yake ƙarfafawa ko da wace tsirkiya aka taɓa. Sun kwatanta shi da forman, wato yankin amon da bututun baki ke ƙarfafawa wanda da shi kunne yake bambanta wasali da wasali. Ɗaliban ilimin furuci za su lura cewa forman na farko na wasalin /a/ a wannan yanki yake faɗawa. Muryar banjo, ke nan, daga fata da jaki take fitowa kafin tagulla ta sa hannu.

Wannan ya bayyana dacewar salon Scruggs da abin kiɗan. Tun da ba a iya jan amo, hanyar cika lokaci ita ce a jero amo da yawa, kuma tun da kowane amo yana mutuwa da wuri, ba ya haɗuwa da na bayansa, sai gudun ya fito a rarrabe.

6. Abin da ya sauya da abin da ya tsaya

Idan muka jera sauye-sauyen: ƙwarya ta koma mapul da tagulla, fatar dabba ta koma roba, tsirkiyar hanji ko ta gashin doki ta koma ƙarfe, bugun bayan farce ya koma tsinka da farcen ƙarfe. Abubuwa biyu ba su sauya ba tun zanen 1790: fatar ganga mai ɗauke da jakin da ba a manne ba, da gajerar tsirkiya mai siririn amo ƙarƙashin babban yatsa. Ta farko ita ke ba da muryar, ta biyu ita ke ba da tafiyar kiɗan. Mai nazarin harshe zai tuna da harsunan kiriyol, inda akan sami kalmomi daga wani harshe, wasu ginshiƙan nahawu kuma daga wani. Misali ne kawai muka kawo, ba hujja ba.

Ina matsayin gurmi a nan? Ƙaramar ƙwarya ce rufe da fata, sanda ta ratsa ta, jaki a bisa fata, kuma masu binciken asalin banjo suna lissafa shi cikin kayan kiɗan da suka yi kama da banjon farko. A Nijar marigayi Malam Maman Barka, ɗan Tesker, wanda ya rasu a 2018, ya kai shi dandalin ƙasashen waje. Amma kama ba ta isa ta tabbatar da haihuwa ba. A shekara ta 2000 Daniel Jatta, ɗan Gambiya, ya gabatar wa masu binciken banjo a Amurka da akontin na Jolawan Kasamans da Gambiya, mai ƙwarya da tsirkiya uku, ɗaya gajera, wanda ake bugawa da bayan farce kamar tsohon banjo. Jolawa suna bakin teku, a yankin da aka kwashi bayi tun farkon cinikin. Hausawa kuwa sun bayyana da yawa a ƙetaren teku ne bayan yaƙe-yaƙen jihadin 1804, kuma akasari a Bahiya ta ƙasar Birazil, inda suka shirya tawaye a 1807. A lokacin banjo ya shekara fiye da ɗari a Karibiyan. Abin da hujja ta yarda mu faɗa shi ne gurmi da molo da akontin da ngoni dangi ne na gida ɗaya, kuma daga wannan gida banjo ya gaji fatarsa da jakinsa. Ba ta yarda mu naɗa wa ɗayansu rawanin uba ba.

Akwai kuma sauyin hannu. Izgilin wasan shafa baƙi, da ƙaura zuwa birane, da yadda kamfanonin faifai na shekarun 1920 suka raba kasuwa gida biyu, kiɗan baƙar fata daban da na fararen ƙauye daban, sun sa banjo ya fita daga hannun jikokin masu shi, har aka riƙa ɗaukarsa alamar farar fatar tsauni. Monroe da kansa ya sha faɗin abin da ya koya wurin Arnold Shultz, wani makaɗin gita baƙar fata na Kentaki. Taron makaɗan banjo baƙar fata da aka yi a garin Boone na Karolina ta Arewa a 2005 ya haifar da ƙungiyar Carolina Chocolate Drops, wadda ta ci kyautar Grammy a 2011. A 2005 ɗin kuma Béla Fleck ya ɗauki banjonsa zuwa Yuganda da Tanzaniya da Gambiya da Mali, ya yi kiɗa tare da makaɗan akontin da na ngoni.

Kammalawa

Mun ga cewa kowane sashe na banjon bulugiras amsa ce ga wata buƙata ta wani zamani: ƙugiyoyi ga dandalin shekarun 1840, zobe ga zaurukan ƙarshen ƙarni na 19, akushi da tsirkiyar ƙarfe ga ƙungiyoyin jaz, fatar roba ga makaɗin da ke yawo gari-gari. Mun kuma ga cewa ƙarƙashin wannan tarin ƙarfe tsarin da bayi suka haɗa a ƙarni na 17 yana nan yana aiki, kuma awon masana fizik ya nuna daga gare shi muryar take fitowa.

An iya rubuta wannan tarihi ne domin an sami zane mai shekara, da takardun rajista, da kayan da aka ajiye a gidajen tarihi. Muna ba ɗalibanmu shawara su yi wa gurmi da molo da garaya da kuntigi irin wannan aiki a Maraɗi da Damagaram da Tawa: a auna faɗin ƙwarya da tsawon tsirkiya, a rubuta sunan kowane sashe kamar yadda maƙeri da makaɗi suke faɗinsa a karin harshensu, a tambayi lokacin da zaren roba ya shigo da abin da ya maye gurbinsa. Da irin waɗannan bayanai ne kwatanci tsakanin kayan kiɗanmu da banjo zai tsaya a kan hujja.